Injin da Manaja

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

Gobe za mu koma asibiti mu ji abin da hoton kan Manaja ya nuna.

Sun tashi tun ɗazu. Injin ya kwashe takalman gidan nan kaf ya jera a ƙofar banɗaki, yana tura na babansa yana ruri wai mota ce. Manaja tana kan katifa inda na ajiye ta, idonta na bin sa duk inda ya yi. 'Yan biyu ne, sun kusa shekara biyu da haihuwa. Babansu ne ya raɗa musu sunayen. Namijin Injin, don tunda ya fara rarrafe ba a sake kashe shi ba. Macen Manaja, wai tana kwance kowa na yi mata aiki. Da can dariya muke yi. Yanzu sunan ya kama ta, dariyar ce ta tafi.

Shi ba ya zama. Ita ba ta taɓa zama ba.

Aikina raino ne, ajin 'yan shekara biyu nake riƙe da shi a makarantar ƙananan yara. Na san watan da jariri ke tsayar da wuya, na san na zama, na san na rarrafe. Ni iyaye ke tarewa a bakin ƙofa su tambaya ko nasu ya makara. Tawa kuwa kowa cewa yake bakwaini ce, a yi haƙuri, za ta kamo ɗan'uwanta. Ni ma haka nake cewa in an tambaye ni.

Talata, bayan la'asar

Mun dawo.

Likitar yarinya ce, ban jin ta kai ni shekaru, amma ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta juyo da allon kwamfuta ta ɗora bakin biro a wasu wurare biyu.

"Maman 'yan biyu, kin ga nan da nan? Rauni ne a ƙwaƙwalwa, a ɓangaren da ke ba hannu da ƙafa umarni. Tsoho ne, tun wajen haihuwa ko kusa da ita. Ba zai ƙaru ba."

Babansu ya gyara zama. "Alhamdulillahi. Tunda ba zai ƙaru ba, warkewa zai yi ke nan."

"A'a, Malam. Ba ya ƙaruwa, ba ya kuma warkewa."

Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, ta ce da Hausa wasu na cewa shanyewar ƙwaƙwalwa, amma ita ba ta son sunan, don ƙwaƙwalwar ba ta shanye ba. Saƙo ne ke fitowa daga sama ya isa gaɓoɓi a hargitse. Shi ya sa ƙafafunta ke sanƙarewa su harɗe kamar almakashi in an ɗaga ta. Shi ya sa hannunta ke dunƙule da babban yatsa a ciki, take banƙarewa in ta ji ƙara, yawu ke zuba, abinci ke sarƙe ta. Abubuwan da nake gani ɗaya-ɗaya ina nema wa kowanne uzuri, yau an tara su an ba su suna guda.

Babansu gyaran firiji yake yi. Ya matsa kusa da allon ya ce, "Likita, daidai ina ne? Ba a buɗewa a gyara?" Ta ce ba a buɗewa. Ya sake tambaya ta wata hanyar. Ta sake ba shi amsar ɗazu.

Ni tambayata ɗaya ce: me ya kawo?

Ta lissafa da yatsu. Haihuwa kafin lokaci. 'Yan biyu. Jariri ya zo ƙanƙani. Ko ya daɗe bai yi kuka ba, iska ba ta isa ƙwaƙwalwa ba. Shawara mai tsanani a satin farko, irin wadda ke mayar da ido rawaya. Sanƙarau. Zazzaɓi mai ƙarfi ko hawan jini ga uwa tana da ciki. Ta ce, "Taki ta haɗa da yawa daga ciki. Ba zan iya nuna ɗaya in ce shi ne ba. Kuma kar ki bari wani ya nuna miki."

Na ce, "Shi fa? Ciki ɗaya, rana ɗaya, kwalbar da aka sa su ma kusa da juna take."

Ta kalli Injin, yana ƙarƙashin teburinta yana kokawar cire mata takalmi. Ta ce, "Haka yake zuwa wani lokaci."

A mota Injin kaɗai ke ta surutu.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Na je aiki. Na yi waƙa, na tafa, na goge hanci. Kowa a ajina yana gudu.

Juma'a, da yamma

Labari ya zaga dangi. Surukata ta kira, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce su dai a danginsu ba a taɓa yin irin wannan ba. Na ce mata likita ta ce galibi ba gadonsa ake yi ba. Ta ce ai shi ya sa ta ce a danginsu babu. Ƙanwar mahaifiyata ma ta kira, ita ma a danginmu babu. To daga ina yarinyar ta fito?

Babansu tun ranar Talata in ya dawo daga shago ba ya cire takalmi sai ya zauna a bakin gado da waya yana karatu. Ɗazu ya ɗago ya ce, "Malama, zazzaɓin nan da kika yi kina da cikinsu, ya daɗe?" Na ce ban tuna ba. Can kuma, "Da aka ciro ta, an ce ta yi kuka nan take ko sai daga baya?" Na ce ni a kwance nake ban san inda kaina yake ba, shi ne a tsaye a waje.

Ba zargina yake ba, na sani. Haka yake yi in firiji ya ƙi sanyi, sai ya bi waya ɗaya-ɗaya har ya gano inda ta tsinke. Sai dai wannan wayar a jikina take.

Litinin, da azahar

Yau aka fara gashin ƙashi. Da babansu ya ji sunan ya ce, "Gashi kuma? Sai ka ce nama." Ba wuta ba ce, motsa gaɓoɓi ne. Ɗaki ne mai katifu a ƙasa da manyan ƙwallaye masu launi. Mai gashin ƙatuwar mace ce mai murya. Da ta ji sunan yarinyar ta ce, "Manaja? To ranki ya daɗe, a nan ke za ki yi aiki."

Ta kama ƙafarta tana miƙarwa a hankali. Manaja ta tsala ihu har ta shiɗe. Na kai hannu, matar ta tare ni da gwiwar hannu ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce raunin kai ba ya ƙaruwa, amma jijiya in an bar ta ƙanƙancewa take, gaɓa ta kafe a lanƙwashe. Safe, rana, yamma, kullum, ko tana kuka. Ta nuna min yadda zan ɗauke ta a ƙugu ƙafafu a ware, da yadda zan zaunar da ita in za ta ci abinci.

Na ce, "Za ta yi tafiya?"

Ta ce, "Ban sani ba. Mu fara da tsayar da kai tukuna."

A bencin jira na ga iri-iri. Wani yaro yana tafiya a kan yatsun ƙafa, gwiwoyinsa na gogar juna. Wata yarinya hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ne kawai suka taɓu, bakinta kuwa kamar rediyo. Wani jikinsa ba ya tsayawa sam, hannu da baki sai murɗawa suke. Na yi ta auna Manaja da su, kamar akwai wanda ya ce in zaɓa.

Wata mata ta shigo goye da ɗanta, zai kai shekara goma, ƙafafunsa na bugun bayan gwiwarta. Ta sauke shi kusa da ni, ta dafe ƙugu, ta daɗe kafin ta miƙe sosai. Yaron ya ƙura min ido, ya yi ta fama da bakinsa, da ƙyar ya fitar: "Sa...buwa ce."

Uwar ta kwashe da dariya. "Yana gane sababbi. Wai ku ne masu zuwa da kwalliya." Sannan ta sassauta murya. "'Yar'uwa, ki kula da bayanki tun yanzu. Ba sa tsayawa ƙanana."

Na taya su dariya. A bas na goge janbakin da bakin mayafi.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Da su nake zuwa aiki. Injin yana ajin da ke ƙasa da nawa, Manaja tana ɗakin jarirai, gadon ƙarshe kusa da taga. Yau shugabar makaranta ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta zuba min ruwa mai sanyi. Da na ga ruwan na san da magana.

Wata uwa ta ga yawun Manaja a kan abin wasa, ta ce ba za ta sake kawo ɗanta ba. Wasu sun bi bayanta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba a ɗauka. Likita ta faɗa da bakinta."

"Na sani, Malama, wallahi na sani. Amma ni ba da likita nake fama ba, da iyaye nake." Ta juya biro a hannu. Ta ce mai kula da jarirai ma ta kawo ƙara, in ta zauna ba Manaja abinci sauran sai su yi ta kuka babu mai ɗauka. Wannan kam ba ƙarya ta yi ba.

Ta ce in ɗauki hutu har in samu mai riƙe ta a gida, gurbina na nan. Na yi mata godiya. Har da ruwan na gode.

Alhamis, da safe

Ban je aiki ba. Gobe ma.

Asabar, kafin magariba

Ciyar da Manaja yana cin fiye da awa. Sai in zaunar da ita a cinya, in tokare bayanta da hannu, in sunkuyar da haɓarta, in sa ɗan kaɗan a gefen baki, in jira. Harshenta ya turo rabi waje. In kwashe in mayar. Ko cokali ne ya faɗi a kicin sai ta banƙare, mu koma farko. Kafin a gama na safe, a yi gashi, a yi wanka, na rana ya iso.

Injin a ƙasa nake ajiye masa nasa, ya ci shi kaɗai kamar mage.

Ɗazu ina tsaka da ba ta, ya zo ya kwanta a gaban ƙafata. Ya miƙar da ƙafafu ya harɗe su, ya dunƙule hannu, ya karkatar da kai. Na zabura har kwano ya kife. Sai ya buɗe baki ya ce, "Mama, ni ma. Aa."

Na daka masa tsawa. Ban san me ya sa ba. Ya tashi sumui-sumui ya koma bayan ƙofa.

Talata, da yamma

Ba zan iya rubuta na yau ba.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Hannun Injin ne, na hagu, daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Ruwan zafi.

Na dafa ruwan wankansu na ajiye a kan ƙaramin tebur a kicin, na dawo in ƙarasa ba Manaja abinci. Ta sarƙe. Ba irin na kullum ba, leɓenta ya fara canza launi, babu sauti. Na kifa ta a hannuna ina buga bayanta. Ban ga shigarsa kicin ba. Ihunsa na ji.

Ina riƙe da ita, numfashinta bai dawo ba. Yana kirana. Na tsaya inda nake na ci gaba da buga bayanta har ta yi tari ta amayar. Sannan na je.

Maƙwabciyata mai ɗinki ta riga ni, ta shigo da gudu da almakashi a hannu, ta sa hannunsa a ƙarƙashin famfo. A asibiti sun ce bai ci ciki sosai ba, zai warke, sai dai tabo. Babansu ya iso da kayan aiki a jikinsa, baƙin mai har goshi. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba." Ya ɗauki Injin, bai sauke shi ba har muka dawo gida.

Da ya tambaya da ya fi min.

Juma'a, bayan la'asar

Gwaggonsu ta zo, yayar babansu. A wani gari take, tafiyar rabin yini. 'Ya'yanta sun girma sun watse, daga ita sai mijinta a gida. Tana ajiye jaka ta ɗaura zane ta kama wanki. Ta ɗauki Manaja ta kwantar a ƙirjinta, yawu ya jiƙa mata riga, ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta wanke wa Injin ciwo tana ba shi labarin jirgin ƙasa, bai yi kuka ba.

Muna ninke kaya ta ce, "Ƙanwata, zan yi magana, in ba ta yi miki ba ki watsar. Ki ba ni Injin na ɗan lokaci. Har ki samu kanki, har yarinyar nan ta ɗan yi ƙarfi. Hannu biyu gare ki, ita kaɗai uku take nema."

Na ce, "Yaya, bari mu yi shawara."

Na ci gaba da ninke rigar da na riga na ninke.

Lahadi, da hantsi

Ashe babansu ne ya kira Gwaggo.

Gwaggo ta fita da Injin sayen biskit, na tare shi a ɗaki. "Baban Injin, kai ka ce ta zo ta ɗauke min ɗa?"

"Ban ce ta ɗauke ba. Na ce ta zo ta gani."

"Ta ga me? Ta ga na kasa?"

"Malama, ni ba zan iya rufe shago ba, ke ba za ki rabu biyu ba. Wancan karon hannu ne. Wani karon fa? In titi ne fa?"

Na ce, "To me ya sa ba ta ce a ba ta Manaja ba? Kowa mai gudu yake so."

Ya zauna a bakin gado. Sannan ya ce, "Da ta ce, za ki bayar?"

Na juya na gyara wa Manaja kwanciya.

Manaja tana ta tari tun ranar Talata. Yau jikinta da ɗumi.

Laraba, a asibiti, ƙarfe huɗu na yamma

An ba mu gado jiya. Likita ta ce abincin da ya sarƙe ta wani ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, shi ya zama ciwo. Ta ce yana yawan faruwa ga yara irinta, don maƙogwaro ma gaɓa ce, shi ma saƙon a hargitse yake isa gare shi.

Yau da safe ina goge mata jiki idonta ya kafe gefe guda, hannunta na dama ya kama karkarwa, sannan duk jikin. Na yi ta kiran sunanta na gaskiya, wanda ba mu cika kira ba. Nas biyu suka ture ni gefe. Bayan ta lafa likita ta ce ko zafin zazzaɓi ne, ko kuma farfaɗiya ce, da yawansu suna haɗawa da ita. Za a duba.

Duk zuwan da na yi asibitin nan sai an ƙara min suna ɗaya na tafi da shi.

Gwaggo ta fasa komawa, tana gida da Injin.

Alhamis, da rana

Robar iska a hanci, ruwa a hannu. Ba ta bin kowa da ido.

Juma'a, da rana

Haka dai.

Asabar, da hantsi

Ina zaune ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, wani tunani ya zo min. Bai daɗe ba. Ba zan rubuta shi ba.

Na tashi na je famfo na wanke fuska, na dawo na riƙe ƙafarta ina ba ta haƙuri. Ba ta san na me ba.

Babansu ya kawo min abinci da kansa, ya zauna a ɗaya gefen gadon. Ya sa yatsa yana buɗe dunƙulen hannunta a hankali, in ya saki ya koma ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ce, "Na daina karatun nan a waya." Na ce to. Ya ce, "Ko na gano, me zan yi da shi?"

Lahadi, lokacin ziyara

Zazzaɓi ya sauka. An cire robar hanci.

Gwaggo ta kawo Injin. An yi masa aski, an sa masa rigar da ban sani ba, bandejin hannunsa fari tas. Na durƙusa na buɗe hannu. Ya kalle ni, ya koma bayan Gwaggo ya riƙe rigarta. Ta ce, "Kai, Mamanka ce fa." Ya leƙo da ido ɗaya.

Sai ya hango gado. Ya ce, "Naja!" Haka yake kiran ta.

Manaja ta banƙare gaba ɗaya, ƙafafu suka miƙe, baki ya wage, wani sauti ya fito daga maƙogwaronta. Matar gadon kusa da mu ta miƙe tana kiran nas, wai abin ya dawo. Na ce a'a, ki zauna, murna ce. Haka murnarta take, da duk jikinta take yi. Rabon da in ga haka tun kafin mu zo nan.

Ya haye gado, ya ciro biskit daga aljihu, ya gutsura ya kai bakinta. Na fizge hannunsa. Na ciwon na fizga. Ya fasa ihu, duk ɗakin ya juyo. Na ce masa zai sarƙe ta ne, zai sarƙe ta, kamar zai gane. Gwaggo ta ɗauke shi ta fita da shi baranda. Ina jiyo kukansa yana raguwa, yana raguwa, har ya koma hira.

Alhamis, bayan azahar

An sallame mu. Maganin farfaɗiya safe da yamma, kada a tsallake. Abinci mai kauri, kada a ba ta ruwa tana kwance. Gashi a gida kamar da, asibiti sau biyu a mako.

Gida tsaf, har labule an wanke. Tukunyar ruwan zafi ta koma can saman kantar kicin inda ni ma sai na yi ɗage. Injin ya yi kumatu. A kan kujera yake cin abinci yanzu, Gwaggo na gefensa suna hira. Na miƙa masa kofi ya ce, "Na gode." Ban san ranar da ya koya ba. Aikina ke nan shekara da shekaru, koya wa 'ya'yan mutane cewa na gode.

Gwaggo ta ce ranar Lahadi za ta koma, mijinta ba ya jin daɗi. Ba ta sake tayar da maganar ba. Babansu ma bai tayar ba. Kowa na kaffa-kaffa da ni kamar mai ɗauke da ƙwai.

Juma'a, da safe

Na ce to.

Juma'a, da yamma

Wata uku muka ce. Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce duk ranar da na ce ya dawo, ranar zai dawo, ko da ita kaɗai ce a mota. Na yarda da ita, ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Abin da ban sani ba shi ne me zai canza a wata uku da zan iya cewa ya dawo.

Maƙwabciyata ta ce na yi dabara. Surukata ta ce Allah ya yi min albarka. Tunda aka fara wannan abu ban taɓa shan yabo irin na yau ba.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Na haɗa masa kaya. Riguna, man shafawa na ciwo, bargon da ba ya barci sai da shi. Na gaya wa Gwaggo ba ya son a rufe masa ƙafa, yana tsoron ƙarar injin niƙa, in ya ce "bubu" ruwa yake nufi. Ta ce, "Na sani, ƙanwata." Ta sani ɗin.

Na ce yau ni zan yi masa wanka. Ina cikin cuɗa shi lokacin maganin Manaja ya yi. Gwaggo ta karɓi soson.

Lahadi, da hantsi

Sun tafi.

Tasi ta tsaya a ƙofar gida, yana ganin ta ya fara tsalle, "Mota! Mota!" Na ɗauke shi na matse, yana ta zillo yana nuna ta, kar ta tafi ta bar shi. Na ce ya sumbaci Naja. Ya yi mata a goshi a gurguje, ya goge bakinsa, ya ruga. Shi ya fara shiga. Ya tsaya a kan kujera ya kama kan direba yana ruri.

Na tsaya a ƙofa da Manaja a ƙugu, na juya ta yadda za ta gani. Gwaggo tana kuka, ita da za ta tafi da shi. Babansu zai raka su tasha, ya zauna a gaba bai waiwayo ba, ina ganin ƙeyarsa kawai. Da motar ta tashi Gwaggo ta kama hannun Injin mai lafiya tana ɗaga mana. Shi gaba yake kallo.

Maƙwabciyata ta ce in shigo wajenta in zauna. Na ce lokacin gashi ya yi.

Litinin, bayan magariba

Gwaggo ta kira da safe. Sun isa lafiya, ya ci, ya yi barci, bai yi rigima ba. Ta kara masa wayar a kunne ta ce ga Mama. Na ji numfashinsa. Na ce Injin, Injin ɗina. Sai na ji ƙafafunsa sun yi nisa, Gwaggo na cewa ya ga kaji ne.

Yau na yi gashin safe daga farko har ƙarshe, babu wanda ya hau bayana. Na yi na rana. Magani a kan lokaci. Ta cinye abincinta ba ta sarƙe ba ko sau ɗaya, don babu ƙarar da za ta firgita ta. Na ɗora ruwa a wuta na bar ƙofar kicin a buɗe.

Bayan azahar na kwanta kusa da ita in ɗan miƙe baya, barci ya kwashe ni, irin wanda rabona da shi tun kafin a haife su. Na farka rana ta yi sanyi, jikina sakayau, kaina babu nauyi. Na daɗe a kwance ina jin daɗin shirun kafin in tuna abin da ya kawo shi.

Babansu ya dawo ɗazu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara, kamar wanda ya shigo gidan da ba nasa ba. Ya ce, "Malama, yaya gidan?"

Na ce, "Lafiya lau."

Abin da ke cin raina, gaskiya na faɗa masa.